Hakkin Ɗan Ci-Rani a Kan Ubangidansa da Hukuma

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya warwatsa arzikin bayinsa a cikin sasanninta, har ya zama ana haihuwar mutum a gabas abincinsa yana yamma. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya ɗanɗani ƙwadago ya kuma ɗanɗani baƙunci, da alayensa da sahabbansa, waɗanda suka yi ƙaura da waɗanda suka tarbe su.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan mutumin da ya bar garinsu ne, ya ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa neman abin kai wa bakin salati, watau ɗan ci-rani. A da, da wannan suna mun san wanda yakan tafi birni bayan an gama girbi, ya komo da faɗuwar damina. Yanzu kuwa ranin wani yakan kai shekara goma bai ga gida ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 akwai mutum miliyan 169 da ke aiki a ƙasashen da ba nasu ba. A Saudiyya kaɗai, ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna mutum miliyan 32 da 'yan kai ke zaune a ƙasar, fiye da miliyan 13 daga cikinsu baƙi ne. Mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash da Filifin da Habasha ke nan, da kuma namu, gama babu wanda bai san 'yan'uwanmu mazan jiya da mata da ke aikatau a Jidda da Makka da Riyad ba. Tun da al'amarin ya kai haka, wajibi ne mu tambayi Shari'a abin da ta ce game da wannan bawan Allah: mene ne hakkinsa a kan wanda ya ɗauke shi aiki, mene ne kuma hakkinsa a kan hukumar ƙasar da ya sauka.

Bari mu fara da ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kamar yadda ta zo a cikin Suratul Ƙasas. Ya fita daga Masar a tsorace, ba guzuri ba abokin tafiya, har ya isa rijiyar Madyana. Can ya tarar da mata biyu sun tsare dabbobinsu a gefe saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu, sa'an nan ya koma inuwa yana kai kukan bukatarsa ga Ubangijinsa. Da aka kai shi wurin mahaifinsu, wanda waɗansu malaman tafsiri suka ce Annabi Shu'aibu ne, abin da dattijon ya fara yi shi ne ya kwantar masa da hankali, ya tabbatar masa ya tsira daga azzalumai. Daga baya aka zo maganar aiki. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta ba da shawara a ɗauke shi, domin ta ga ƙarfi ta kuma ga amana. Dattijon ya yanka masa wa'adi na shekara takwas, in ya cika goma to kyauta ce daga wajensa, ya kuma bayyana masa cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Annabi Musa ya karɓa bisa sharaɗin duk wa'adin da ya cika daga cikin biyun babu mai ƙara masa wani, suka sa Allah ya zama shaida. Da wa'adi ya cika ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya, ba wanda ya tare masa ƙofa.

To, jama'a, ku dubi abin da ke cikin wannan ƙissa. An san aikin, an san lokacinsa, an san ladansa, an yi alkawarin sassauci, kuma ma'aikaci ya fita da ƙafarsa a ranar da ya gama. Waɗannan su ne ginshiƙan da malamanmu na fiƙihu suka kafa babin ijara a kansu. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ko Muhtasar ya san cewa jinga ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma iyakance aiki ko lokaci, gama jahilcin ɗayansu ƙofar rigima ce da cin dukiyar mutane da ɓarna. Kada kuma wani ya raina sana'ar ɗan ƙwadago. Imam Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan 'yan ƙiraɗai, ya kuma ba da labari cewa babu Annabin da bai yi kiwo ba.

Yanzu sai mu juya ga yadda al'amarin ya kasance a ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur. Tun daga wajen shekarun 1950, sa'ad da kuɗin mai ya fara shigowa ana bukatar hannuwa masu yawa, aka kafa wani tsari da ake kira kafala. A ƙarƙashinsa baƙo ba ya samun takardar zama, wadda mutanenmu ke kira igama, sai da sunan wani ɗan ƙasa ko kamfani, shi ne kafilinsa. Shekara da shekaru ma'aikaci ba shi da ikon sauya wurin aiki sai da yardar kafili, a waɗansu ƙasashen ma ba shi da ikon hawa jirgi ya koma gida sai kafili ya sa hannu. Idan wuya ta ishe shi ya bar gidan, sai ubangidan ya kai rahoto ga hukuma cewa ya gudu, nan take ya zama mai laifi, a kama shi, a tsare, a kora. Da yawa daga cikin iyayengijin sukan karɓe fasfo tun ranar sauka su kulle a akwati, ko da yake dokokin ƙasashen kansu sun hana. Daɗin daɗawa, mafi yawan leburorin nan sun ci bashi ne a gida, ko sun jinginar da gona, suka biya dillalan da suka samo musu biza. Mutumin da ke da bashi a baya, ga fasfo a hannun wani, ga tsoron 'yan sanda a gaba, ina zai sami bakin da zai ce albashinsa na wata huɗu bai fito ba?

Abin da ya fi ba mai ilmi takaici shi ne sunan da aka sa wa wannan tsari. Kalmar kafala kalma ce mai daraja a cikin addininmu. Da ita Alƙur'ani ya ambaci riƙon da Annabi Zakariyya ya yi wa Nana Maryamu, da ita kuma Manzon Allah ya yi wa mai riƙon maraya bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna. A wurin malaman fiƙihu kuwa ma'anarta lamuni, watau mutum ya ɗauki nauyin wani a wuyansa domin ya sauƙaƙa masa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun lissafa abubuwa uku da ba a yin su sai don Allah, ba a karɓar lada a kansu: ba da rance, da tsayawa lamuni, da amfani da alfarma domin biya wa wani bukata. Saboda haka wanda ya sayar da biza, ko ya sa wa baƙo harajin wata wata don kawai sunansa na kan igamarsa, alhali bai ba shi aiki ba bai ba shi jari ba, haram yake ci. Manyan malaman fatawa na Saudiyya ma sun faɗi haka. Kafili na gaskiya shi ne wanda nauyi ya hau kansa, wanda za a tambaye shi ranar Lahira ina baƙon nan ya kwana, me ya ci.

Duniya ta farga da wannan al'amari ne sosai bayan da aka ba ƙasar Katar izinin shirya gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a watan Disamba na 2010, gasar da aka yi a ƙarshen 2022. An kwaso leburori dubun dubata domin gina filayen wasa da hanyoyi da masaukai, a ƙasar da zafin bazara yakan haura digiri 45. A watan Fabrairu na 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta buga cewa fiye da mutum 6,500 'yan Indiya da Pakistan da Nepal da Bangaladash da Siri Lanka sun rasu a Katar cikin shekara goma. Wannan adadi ya haɗa kowace irin mutuwa, kuma hukumar Katar ta ce bai wuce ƙima ba idan aka dubi yawan baƙin. Amma shugaban kwamitin shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya faɗa da bakinsa a watan Nuwamba na 2022 cewa tsakanin mutum 400 zuwa 500 sun mutu a ayyukan da suka danganci gasar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ƙirga ma'aikata 50 da suka mutu a bakin aiki a shekarar 2020 kaɗai, da fiye da 500 da suka ji munanan raunuka. Da yawa daga cikin samarin da suka kwanta ba su tashi ba, an rubuta a takardarsu cewa zuciya ce ta tsaya, ba tare da an bincika ko zafin rana ne ya jawo ba, saboda haka magadansu ba su sami ko anini ba. Lalle ajali a hannun Allah yake, babu mai musun wannan. Amma imani da ƙaddara bai taɓa kayar da diyya ba a Shari'a, bai kuma wanke wanda ya yi sakaci da ran da aka ba shi amana ba.

Adalci ne kuma mu faɗi gyaran da aka yi. Katar ta soke takardar izinin fita ga mafi yawan ma'aikata a 2018, a 2020 ta ba su damar sauya aiki ba tare da yardar ubangida ba, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan ubangida bai tanada ba. A 2021 ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma a watannin tsananin zafi. Saudiyya ita ma a watan Maris na 2021 ta sassauta sharuɗɗan sauya aiki da na fita ƙasa. Sai dai gyaran nan na 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da manoma ba, alhali kuwa su ne suka fi rauni. Yarinyar da ke cikin gidan da ba mai leƙawa, ba ta jin harshen, ba ta san hanyar ofishin jakadanci ba, dokar da ke kan takarda ba ta isa gare ta sai ta hannun mai tsoron Allah.

Ga abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karantar game da waɗannan. A cikin hadisi ƙudusi da Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ambaci mutum uku da shi da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar Ƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunansa ya yi yaudara, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki cikakke ya hana shi ladansa. Ku lura da kyau, dillalin da ya yi wa yarinya rantsuwa cewa aikin kanti za ta yi, ya karɓi kuɗi a kanta, ya miƙa ta gidan da ba a biyanta, shi da ubangidan sun raba ukun nan a tsakaninsu. Wanda kuwa Allah ne mai ƙararsa, wane lauya zai tsaya masa? Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jan rai da mai hali yake yi wajen biyan abin da ake binsa zalunci ne. Sun kuma ruwaito labarin Abu Zarri, wanda ya gori wani mutum da uwarsa, Manzon Allah ya tsawata masa ya ce akwai sauran jahiliyya a tare da shi, sa'an nan ya karantar da cewa masu hidima 'yan'uwa ne, a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taya su. Idan wannan shi ne hakkin bawa a zamanin da ake bauta, ina ga ɗa wanda ya zo da yarjejeniya a hannunsa?

Kada kuma wani ya ce ai mutanen Nepal ko na Filifin da yawansu ba Musulmi ba ne. Wanda ya shigo ƙasar Musulmi da izini yana cikin amana, jininsa da dukiyarsa haram ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah zai yi jayayya ranar Ƙiyama da duk wanda ya zalunci mai alkawarin amana, ko ya tauye shi, ko ya ɗora masa abin da ba ya iyawa. A ranar hijira ma, jagoran da ya bi da Manzon Allah da Sayyidina Abubakar ta hanyar gaɓar teku zuwa Madina, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin, aka ɗauke shi da lada, aka amince masa, aka cika masa.

Saura maganar hukuma. Babu shakka shugaba yana da ikon tsare iyakar ƙasarsa, ya san mai shiga da mai fita, ya kuma fifita 'yan ƙasa wajen aiki idan maslaha ta bukaci haka. Shari'a ba ta hana wannan ba. Amma ta sa wa korar baƙo ladubba. A farkon Suratut Tauba, mushirikan da aka warware alkawari da su an ba su wata huɗu su yi tafiyarsu cikin aminci. A aya ta 6 kuma aka umurci Manzon Allah cewa idan ɗayansu ya nemi mafaka a ba shi, sa'an nan a isar da shi inda zai sami aminci. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa da Sayyidina Umar ya tashi Yahudawan Fadak, sai da aka yi wa rabonsu na ƙasa da dabino ƙima aka biya su kafin su tafi. Hukunci uku ke nan: a ba da wa'adi mai isa, a biya hakki, a kai mutum wurin da ransa zai tsira. Sa'ad da Saudiyya ta fara kamen marasa takarda a watan Nuwamba na 2013, fiye da 'yan Habasha 160,000 aka mayar gida cikin 'yan watanni, da yawa daga cikinsu da tufafin jikinsu kawai, alhali kakanninsu ne suka ba sahabban Annabi mafaka a shekara ta biyar bayan aike, a ƙarƙashin Najjashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniya a 1990 wadda ta hana korar baƙi a dunƙule, ta kuma hana ƙwace musu takardu. Nijeriya da Nijar sun shiga cikinta a 2009, amma ƙasashen da suka fi ɗaukar leburori, na Larabawa da na Turai, sun noƙe.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu mutanen Afirka ta Yamma mun sha wannan ɗaci, mun kuma shayar da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fice, Hausawa da Yarbawa da mutanen Nijar waɗanda waɗansunsu a zango aka haife su suka bar gidaje da rumfunan kasuwa suka kama hanya. Bayan shekara 13 da 'yan watanni, ranar 17 ga Janairu 1983, da farashin mai ya faɗi, aka kuma ɗora wa baƙi alhakin rashin aiki da tarzomar Maitatsine ta 1980, gwamnatin Nijeriya ta ba da mako biyu ita ma. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran 'yan Nijar da Cadi da Togo da Binin da Kamaru. Mutane suka yi cincirindo a tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyakoki, waɗansu suka mutu a hanya. Jakar nan da muke zuba kaya a ciki muna kiranta Gana-mas-go, daga wannan musiba ta samo sunanta. Addininmu ya ba abokan gaba wata huɗu, mu kuwa muka ba maƙwabta kwana 14.

Har ila yau, kowane mai karatu ya dubi ƙofar gidansa. Buzun da ke gadi, da ɗan ga-ruwa, da yaron da ya zo daga Damagaram ko Maraɗi yana haƙa rami a wurin gini, da yarinyar ƙauye da ke wanke-wanke a cikin gida, duk baƙi ne masu ƙwadago, kuma hadisan da muka ambata ba su keɓe Balarabe ba. Maigidan da ke cewa mai gadi ya dakata sai wata mai zuwa alhali ya sayi sabuwar mota, da uwargidan da ke ba 'yar aiki ƙanzo ta kwana a kicin, da ɗan kwangilar da ke yi wa lebura barazana da jami'an shige da fice ranar biya, dukansu sun shiga cikin wannan gargaɗi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Ku tuna da ɗayan mutum ukun nan da dutse ya rufe wa bakin kogo, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa, shi kuwa ya juya masa shi har ya zama garke, da ya komo bayan shekaru ya miƙa masa duka. Da wannan aiki ya roƙi Allah, dutsen ya gusa.

Daga ƙarshe, nasiha ga masu niyyar tafiya da iyayensu. Mun sani abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma neman halal ibada ne. Amma 'yar dattijon Madyana siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana, saboda haka ma'aikaci shi ma ana binsa gaskiya. Wanda ya nemi bizar Umra da niyyar ya ɓuya ya yi aiki, ya fara tafiyarsa da ƙarya da saɓa alkawari, ya kuma jefa kansa inda ba shi da wurin kai ƙara idan aka cuce shi. Kada kowa ya tafi sai ya ga yarjejeniya a rubuce, an karanta masa da harshen da yake ji, ya san aikin da albashin da wa'adin, ya bar kwafinta a gida, ya riƙe lambar ofishin jakadancin ƙasarsa. Uban da ya miƙa 'yarsa ga dillalin da bai san asalinsa ba don kwaɗayin riyal, za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Wanda ya san mai safarar 'ya'yan mutane a unguwarsu, to, ya sanar da mai unguwa da hukuma, gama a Nijeriya an kafa hukumar NAPTIP tun 2003 domin wannan aiki, kuma rufa wa azzalumi asiri taimakonsa ne a kan zalunci. Malamai da limamai su riƙa faɗin waɗannan hukunce-hukunce a kan mumbari, gwamnatocinmu kuma su bi kadin 'ya'yansu da ke waje, su binciki dillalai kafin su ba su lasisi. Baƙon da guzuri ya yanke masa yana cikin kashi takwas da Allah ya raba wa zakka, masu dukiya su tuna da shi.

Allah ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a baƙunci, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya tsare mu da cin gumin wani. Allah ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.